An sa wa motata tiraka, yanzu ta ƙi tashi: wa zai biya gyara?

Assalamu alaikum Barista. Mako biyar da suka wuce na kai motata, Toyota Corolla 2010, wani shago a nan Kano aka sa mata tiraka, irin wadda ake kashe mota da ita ta waya. Na biya naira 70,000 ta taransifa, kuɗin na'ura da na aiki. Shekara uku ina hawan motar nan ba ta taɓa ƙin tashi ba. Kwana huɗu da yin aikin batir ya fara kwana ya mutu. Daga baya in na murɗa makulli sai fitilun dashbod su kawo amma kik ya ƙi juyawa, kuma sau biyu tana mutu mini a tsakiyar titi ina ɗauke da iyali. Na koma shagon sau biyu. Na farko yaronsa ya ɗan taɓa wayoyi, na biyu mai shagon ya ce motata ce ta tsufa, kuma su kayansu in sun fita ba sa dawowa. Wani mai wayarin ya leƙa ya ce sai an canza wayoyin ƙarƙashin sitiyari, ƙila har da birenbos, wato na'urar da ke sarrafa injin mota. Ba ni da rasit. Yayana ya ce in kai shi wurin 'yan sanda. Me doka ta ce?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara tsarewa. Kafin mu shiga doka, don Allah ka ajiye motar nan. Motar da ke mutuwa ana tafe, sitiyarinta yakan yi nauyi, birkinta ya yi tauri, kuma wayar da ba a haɗa da kyau ba tana iya yin zafi ta kama wuta. Ka cire kan batir na baƙar waya, ka bar ta a gida. Kuma kada ka bari kowa ya yanke ko waya ɗaya tukuna, har shi mai wayarin na biyu, domin hujjarka duka tana ƙarƙashin sitiyarin nan. Ranar da aka fizge wayoyin aka zubar a bola, ranar ka rasa rabin ƙararka.

Haƙƙi kam kana da shi. Dokar kare masu saye ta tarayya, wato FCCPA ta 2018 wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta shafi mai shagon gefen titi kamar yadda ta shafi babban kamfani. Sashe na 130 ya ce wanda ya karɓi aikinka wajibi ne ya yi shi da ingancin da mutane ke tsammani, kuma ya mayar maka da dukiyarka a yanayin da bai gaza wanda ka kawo ta ba. Ka kawo mota tana tashi, dole ya mayar maka da mota tana tashi. In ya kasa, kana iya neman ya gyara ɓarnar ko ya mayar da wani kaso na kuɗin aikin. Sashe na 132 kuma ya ba ka wata uku daga ranar da aka miƙa maka kaya ka mayar da su in sun zo da aibi, a gyara, a canza, ko a dawo da kuɗi. Mako biyar sun tafi, saboda haka ka ƙirga kwanakinka.

Maganarsa ta cewa kaya ba sa dawowa ba ta da ƙafa. Sashe na 129 ya hana duk wani sharaɗi da zai ƙwace wa mai saye haƙƙin mayar da kaya masu aibi, ko da an rubuta shi a bango da manyan baƙaƙe. Rashin rasit ma bai kashe ka ba: ciniki da baki ciniki ne, shaidar taransifa ta nuna wa ka biya da ranar da ka biya, kuma sashe na 118 a kansa ya ɗora nauyin ba da takardar ciniki. Ka je banki ka karɓo bayanin asusunka mai hatimi, ka adana hirarku ta WhatsApp kada ka goge komai. In aka kai kotu, saƙon waya da hotuna suna shiga a ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, tare da takardar da ke bayanin na'urar da aka ciro su.

Inda shari'ar za ta yi tsauri shi ne a tabbatar aikinsa ne ya jawo matsalar. Ya riga ya nuna maka kariyarsa: mota ta tsufa. Kuma motar 2010 tana iya samun gajiyayyen batir ko kik da ya cinye ba tare da hannun kowa ba. Sashe na 145 ya taimake ka, don ya ce in aka yi zargin kaya ko aiki na da aibi, nauyin hujja yana kan wanda ya sayar ko ya yi aikin. Amma ban taɓa ba mutum shawarar ya je gaban alƙali hannu rabbana yana dogaro da wannan sashe kaɗai ba. Alƙali yana son ya ga abu da idonsa.

To, me za a duba? Tiraka mai kashe mota tana zuwa da rile, wato wani ɗan makunni da ke haɗa wuta ko ya katse ta. Mai haɗawa yakan yanke wayar famfon mai ko wayar da ke kai wuta daga makulli zuwa inji, ya ratsa rilen a tsakani, yadda in ka tura saƙo wuta za ta katse. Duk wutar da motarka ke rayuwa da ita yanzu ta wannan mahaɗa take bi. In an murɗa wayoyin da hannu aka naɗe da salatef ba a yi musu dalma ba, rami ɗaya a titi ya isa ya girgiza su mota ta mutu. Sau da yawa in aka buɗe murfin ƙarƙashin sitiyari, abin da ake tararwa ke nan: salatef ya saki don zafi, tagullar waya ta yi baƙi, robar jikinta ta narke ta manne da ta kusa. Mutuwar batir kuma takan zo ne in an jona rile ko na'urar a wayar da ke da wuta dare da rana ta hanyar da ba ta dace ba. Gwajinsa mai sauƙi ne. A kashe mota, a rufe ƙofofi, a jira ta yi shiru, a sa mita tsakanin batir da wayarsa. Lafiyayyar mota irin taka yawanci ba ta jan wutar da ta wuce kusan miliam 50 a ma'aunin mitar. In mita ta nuna ɗaruruwa, aka cire wayar tiraka lambar ta faɗo, an sami ɓarawon. Shi kuma batir mai rauni yana iya kunna fitilun dashbod ya kasa juya kik, don haka a caja shi a auna kafin a ɗora wa kik laifi.

Batun birenbos ka yi taka-tsantsan. Kada ka saya bisa “ƙila”. A sa wa motar kwamfuta a karanta lambobin matsala, a ɗauki hotonsu kafin a goge. Mutane da yawa sun sayi birenbos alhali waya ɗaya ce ta saki, kuma kotu ba za ta sa a biya ka kuɗin abin da bai lalace ba.

Yadda zan so ka yi: ka samo mai wayarin da ba shi da alaƙa da ɗayanku, wanda zai yarda ya tsaya shaida. Ka aika wa mai shagon saƙo a rubuce, ka faɗa masa rana da lokaci da wurin da za a buɗe motar, ka gayyace shi ko wakilinsa. In ya zo, madalla. In ya ƙi, ba zai iya cewa daga baya an yi a bayan idonsa ba. A ɗauki bidiyo tun daga kwance murfin farko, a nuna kowace mahaɗa, a yi gwajin mita a gaban kyamara, sannan a cire tirakar a mayar da wayoyin yadda kamfani ya yi su, a ga ko matsalar ta tafi. Na'urar da rile da duk guntun wayar da aka yanke a zuba a leda a ajiye. Mai wayarin ya rubuta abin da ya gani da kuɗin gyara, ya sa hannu da kwanan wata. Daga nan ka gyara motarka ka karɓi rasit. Doka tana son wanda aka cuta ya rage asararsa, ba za ta yarda ka jingine mota wata shida sannan ka kawo lissafin kuɗin adaidaita sahu na wata shida ba.

Da wannan a hannu, ka rubuta masa takardar neman haƙƙi: ranar aiki, abin da ka biya, abin da aka gano, jimillar da kake nema, da wa'adin kwana 14. Adadi ya zama tsayayye, kowace naira da takardarta. Kada ka kumbura shi don haushi.

Ni a ganina, irin wannan rigima ta fi saurin mutuwa a teburin sulhu. Masu sana'ar mota suna da shugabanni a kasuwa da gareji, akwai kuma ƙungiyarsu ta NATA, kuma mai shago ya fi jin kunyar shugabansa ya ga bidiyon salatef fiye da tsoron takardar lauya. In an daidaita, a rubuta, kowa ya sa hannu da shaidu biyu. In ya yarda zai gyara da kansa, ka sa sharaɗin a yi a gaban mai wayarinka, tunda yaronsa ya riga ya taɓa sau ɗaya bai yi ba. In sulhu ya ƙi, Kano tana da hukumar kare haƙƙin masu saye ta jiha, hukumar tarayya FCCPC kuma tana karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet.

Sai kotu. Tun 2019 Kano ke da kotun ƙananan ƙararraki a ƙarƙashin majistare, wadda aka fara da iyakar naira miliyan 5, aka kuma tsara ta don a gama shari'a cikin kwana 60. Fom ake cikewa, kana iya tsayawa da kanka ba lauya, kuma tana buƙatar ka fara aika takardar neman haƙƙi. Ƙayyadadden kuɗi take saurara, shi ya sa na nace a kan rasit da ƙiyasin gyara. In ku biyun Musulmi ne kana iya zuwa kotun shari'ar Musulunci. A mazhabar Malikiyya, mai sana'ar da ya buɗe wa jama'a shago yana lamunce abin da ya lalace a hannunsa in ya keɓe da shi, kuma ɓarnar da sakacinsa ya jawo a kansa take. Ka zaɓi kotu ɗaya, kada ka raba ƙara gida biyu.

Shawarar Yaya kuwa, ka ba shi haƙuri. Wannan saɓanin ciniki ne, kuma sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum don karya yarjejeniya kawai. In ka sa aka tsare shi, yana iya shigar da ƙarar tauye haƙƙinsa ya haɗa da kai, ka koma kai ne mai biyan diyya. Haka nan kada ka ɗauke masa kayan aiki, kada ka zage shi da suna a Facebook. Lamarin zai canza ne kawai in an gano yaudara tun asali, misali ya sayar maka da tsohuwar na'ura a matsayin sabuwa, ko ya karɓi kuɗin abin da bai sa ba.

Inshora ma kada ka sa rai in ta naira 15,000 ce gare ka, domin ita ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta motarka ba. In cikakkiya ce, ka duba takardarka, yawancinsu suna cire lalacewar wayarin da ba hatsari ko gobara ya jawo ba.

Abu na ƙarshe da mutane ke mantawa: wanda ya haɗa tirakar yana iya kasancewa da lambar sirrinta har yanzu, ma'ana yana ganin inda motarka take, yana kuma iya kashe ta. Tunda kun fara saɓani, in za ka ci gaba da amfani da na'urar, ka canza lambar sirri yau, ka tabbatar layin da ke cikinta da sunanka aka yi masa rajista, kuma lambar wayarka ce kaɗai ke ba ta umarni.