Wasa 100 bai isa ya nuna injin ches ya ƙara ƙarfi ba

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina rubuta ɗan ƙaramin injin wasan ches, wato manhajar kwamfuta mai buga ches, da kaina. Na ƙara wa doki daraja idan ya zauna a tsakiyar allo, sai na haɗa sabon injin da tsohon suka buga wasa 100. Sabon ya samu maki 55, tsohon 45. Gyaran ya yi ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ji daɗi ƙwarai da ka gwada maimakon ka dogara da zato. Amma kada ka yi saurin murna tukuna.

Maki 55 da 45 tazarar Elo 35 ce, kusan (Elo shi ne ma'aunin ƙarfin ɗan wasa a ches). Matsalar ita ce, a wasa 100 sa'a kaɗai tana iya karkatar da sakamako da Elo 50 ko fiye, sama ko ƙasa. Ko injin guda ka kwafa gida biyu ka haɗa su, za ka iya ganin 55 da 45 ɗin nan. Ni kaina na sha ganin gyara ya yi fintinkau a wasannin farko, kafin gari ya waye ya dawo kunnen doki. Yawancin gyare-gyare kuwa ribarsu ba ta wuce Elo kaɗan ba, kuma kafin a tabbatar da bambancin Elo 5 sai an buga wasa wajen 10,000.

Dubi yadda masu Stockfish, sanannen injin ches mai ƙarfi, suke yi. Tun 2013 suke da tsarin Fishtest, inda 'yan sa-kai ke ba da aron kwamfutocinsu ana buga wasanni dubun-dubatar a kan gyara ɗaya tak. Ana farawa da gajeren lokaci, daƙiƙa 10 ga kowane ɓangare da ƙarin 0.1 a kowane motsi. In gyaran ya tsallake, sai a maimaita da daƙiƙa 60 da ƙarin 0.6, domin abin da ke taimako a wasan gaggawa yakan zama nauyi idan injin ya samu damar zurfafa lissafi. Ba sa ƙayyade yawan wasa tun farko. Suna amfani da gwajin SPRT, wanda ke bin sakamako yana tafiya, ya tsaya da kansa da zarar hujja ta isa a karɓa ko a yi watsi.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne ba ka faɗi daga ina wasannin suka fara ba. In duk daga jerin farko ne, wato yadda ake jera 'ya'yan ches kafin a fara wasa, ƙaramin inji yakan maimaita wasa ɗaya sak, sai ka ɗauka ka buga 100 alhali biyu ko uku ne. Nemo tarin buɗin wasa daban-daban, kowane buɗi a buga shi sau biyu: sabon ya riƙe fari, sannan a juya ya riƙe baƙi. Ta haka buɗin da ya fifita ɓangare ɗaya ba zai ruɗe ka ba.

Manhajar cutechess-cli ko fastchess za ta yi maka duk wannan, har da SPRT, kuma kyauta ce. Ka bar kwamfutar ta kwana tana aiki, amma kada wasannin da ke gudana lokaci guda su fi yawan ƙwaƙwalen sarrafawarta (cores), in ba haka ba agogo zai cuci wani. Gyaran dokin nan ka gwada shi shi kaɗai, kada ka haɗa shi da wani sauyi, sannan ka duba ko ya rage saurin bincike.