Wanda zai ga baƙi da wutar, shi ke ɗauko itacenta

Ɗana, saƙonka ya iso. Idon ya yi rauni, ƙanwarka ce ta karanta mini, ita ce kuma take rubuta wannan. Ka ce kun kwana a daji da abokan karatunka, kun sha wuyar jigilar itace daga bakin hanya zuwa masauki, har wani ya ce ai haka almajiran da suke yi. Shi ne kake tambaya ko da gaske sai almajiri ya kawo itace kafin ya zauna gaban wuta, ko kuwa horo ne kawai na malamai.

Da gaske ne, amma ba horo ba ne. An kai ni gabas ina ɗan shekara 11. Muka hau jirgin ƙasa daga Kano zuwa Nguru, inda dogo ya ƙare, daga nan muka yi arewa a ƙafa. Alarammanmu ba ya son gari, ya kafa tsangayarsa can nesa da mutane, bukkokin kara da zana. Fitila babu, kananzir sai mai hali. Karatun dare da na asuba duk a gaban wuta ake yi, kowa ya karkata allonsa wajen harshenta. To wa zai ciyar da wutar in ba mai ganin baƙin allo da ita ba? In ka zo hannu rabbana, ba a dukanka. A baya za ka zauna, inda haske ba ya kaiwa, kunyar ma ta ishe ka.

Kowa da gwargwadon wuyansa. Kolo, wato ƙaramin almajiri, ya tsinto kirare da kara bayan la'asar, titibiri da ya ɗan tasa ya kawo dami, gardi kuwa gungume. Babbar fita sai Alhamis, da yake ba karatu. Mu fita bayan asuba da gatari da gorar ruwa, ba mu isa inda itacen kirki yake ba sai hantsi ya dubi ludayi, mu dawo azahar ta gota.

Kuskuren yaro shi ne ya ɗauka itace duk itace ne. Kara da sabara haske gare su, amma yanzun nan sun cinye. Marke da ƙirya su ke riƙe garwashi har asuba, ga nauyin tsiya. Don haka mai wayo yakan haɗa biyun a dami ɗaya. Tumfafiya hayaƙinta ya hana ka karatu, kuka kuwa ko ka wahala ba ta ci. Ɗanyen icce ba ma sara, balle aduwa, da ita ake sassaƙa allon da ke hannunmu. Tsamiya aka ce gidan iskoki ce. Ni dai ban taɓa ganinsu ba, ban kuma taɓa sa mata gatari ba.

Ɗaurin ma ilimi ne. Dogaye a ƙasa, gajeru a tsakiya, a ɗaure wuri uku da ɓawon kalgo, a taka da ƙafa a ja har ya daina motsi. Damin da ke motsi ya fi mai nauyi karya wuya. Sai ka naɗe tsumma ka yi gammo. Ba a fita itace mutum ɗaya, domin ba mai iya ɗora wa kansa cikakken dami, sai ɗan'uwa ya kama maka. In za ka huta kuma kada ka sauke a ƙasa. Ka nemi bishiya mai reshe daidai kai ka jingina shi, kamar yadda fatake ke yi a loko, wurin hutawarsu, in ba haka ba ka zauna jiran mai ɗora maka.

Wata rana na yi garaje ban buga itacen da ƙasa ba kafin in ɗaure. Muna tsakiyar rairayi kunama ta biyo gammo ta harbe ni a bayan kunne. Na yar da damin ina ihu. Wani gardi ya ɗora nawa a kan nasa har gida, da dare kuma ya ce a matsa mini in zauna gaba, ai itacena ya iso.

Da aka yi fari a 1973 abin ya canza. Da farko matattun itatuwa suka yi yawa, daga baya tafiyar ta ninka, har muka koma haɗawa da busasshen kashin shanu. Tokar kuwa ba a kwashe ta. Tsibi take yi a tsakiyar fili, baƙo na zuwa ya dube ta ya san daɗewar tsangayar. Gawayin mu daka da ƙaro mu yi zuge, tawadar rubutu.

Yanzu da fitilar sola ta zo, ban ga dalilin aika yaro daji mai nisa ba, ga itatuwan sun ƙare, ga hanya ba lafiya. Amma in za ku sake fita, ku raba kayan tun daga bakin hanya, ku buga kowane icce da ƙasa. In ka zo da Sallah ka tuna mini in nuna maka naɗin gammo, wanda na gani a hotonka ko tulu ba zai zauna a kai ba. Ka gaida mahaifiyarka.