Tambayi Ɗan Barga: Aikin da ke jiranka wajen goɗiyoyi

Tambaya: Baba, barka da aiki. Kawuna yana kiwon goɗiyoyi a wani ƙauye kusa da Mirya, ya ce in je in kama masa aiki idan an yi babban hutun lakwal. Ni kuwa iyakacina kallon hawan sallah a ƙofar fada, ko ragama ban taɓa riƙewa ba. Wane aiki ke jirana, kuma yaushe za a bar ni in hau?
Wani ɗalibi daga Garin Malam, Damagaram

Amsa: Barka kadai, ɗana. Ajiye zancen hawa tukuna. Ingarmun da kake gani a Birni sun sha sirdi da kwalliya, a ƙauye aka haife su, a wurin irin su kawunka, kuma can lauje da tsintsiya za a fara miƙa maka.

Da an sallame sallar asuba sai ka nufi turke. Kafin ka kwashe kashi, tsaya ka dube shi. Maigidana da na yi wa aikin barga ina saurayi, Allah ya jiƙansa, ba ya amsa gaisuwata sai na faɗa masa yadda kashin kowane doki ya kwana: ya bushe, ya yi ruwa, ko babu shi gaba ɗaya. A lokacin ina ganin fitina ce kawai. Ashe doki ba ya amai, cikinsa kuma ƙarami ne idan aka kwatanta da girman jikinsa, abin da ya shiga ya tsaya masa zai iya kashe shi a wuni guda. In ka tarar ba kashi, goɗiya tana tonon ƙasa da ƙafa, tana waiwayen cikinta, tana kwanciya tana tashi, kada ka tsaya jiƙa mata komai, ruga ka kira kawu ya nemo likitan dabbobi.

Saboda wannan cikin ne ake ba da abinci kaɗan-kaɗan, a kan lokaci. Ruwa da ciyawa ko harawa su fara shiga, gero ko dawa da dusa su biyo baya, kanwa kuma daidai yadda kawu ya auna. Kada tausayi ya sa ka ƙara mata tiyar hatsi don ta kalle ka. Ka yi sa'a hutunku ya faɗo cikin damina; da bazara ce, da ka gane kurenka wajen jan guga, don doki ɗaya yakan sha lita 30 zuwa 40 a rana in zafi ya tsananta. Amma damina ma da nata aikin: yankan ciyawa safe da yamma, cire kaska a gindin wutsiya da cikin kunne, zuba sabon rairayi a turke don kada kofato ya ruɓe cikin caɓi. Ka kuma ƙware a ɗaurin talala da dabaibayi, gonaki sun yi kore, goɗiya ɗaya ta kwance ta shiga geron maƙwabci sai an zauna gaban mai gari.

Goɗiya tana ɗaukar ciki kusan wata 11, kuma yawanci da dare take haihuwa, ba ta son idon jama'a. In kana da rabon gani, tsaya nesa ka yi shiru. Dukushi mai lafiya yakan miƙe cikin awa ɗaya zuwa biyu ya nemi nono, nonon farkon nan kuwa shi ne kariyarsa daga cuta. Uwar da ka saba shafawa jiya, yau tana iya kai maka cizo. Ko wace rana ce, kada ka ɓullo wa doki ta baya ba tare da ka yi magana ba, don ba ya ganin abin da ke daidai wutsiyarsa, sai dai ka ji shuri.

Hawa kuwa, mai ciki tsoho ba a hawanta. Ina jin bayan 'yan makonni kawu zai ɗora ka kan wata tsohuwar goɗiya mai sanyin hali, ba sirdi, ka kai ta tabki ta sha ruwa. Ka tafi da takalmi rufaffe, silifa ba ta tare kofato.