Filin Tambaya da Amsa: Shin saƙa da warwara ce ta halaka Hamlet?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce mai nazarin adabi. An koya mana cewa aibin da ya halaka Hamlet, tauraron wasan kwaikwayon Shakespeare, shi ne kasa yanke shawara. Amma da na karanta wasan sai na ga ya kashe mutane babu wani jinkiri. Yaya zan amsa idan tambayar ta fito a jarrabawa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kin lura da abin da masu karatu da yawa ke tsallakewa. Mu fara daga tushe. Wajen shekara ta 335 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin nan na Girka, Aristotle, ya bayyana cewa tauraron wasan ban-tausayi mutum ne tsaka-tsaki, bai kai waliyyi ba, bai kuma zama mugu ba, kuma wani babban kuskure ne ke jefa shi cikin halaka. Kuskure ya ambata, wato abin da mutum ya aikata. Daga baya ne manazarta suka riƙa fassara shi da aibi a cikin hali. Saboda haka ki fara da neman aikin, sannan ki je ga halin.

Shakespeare ya rubuta wasan wajen 1600. A kashi na 1 fatalwar sarkin Denmark ta shaida wa ɗansa Hamlet cewa baffansa Claudius ne ya ɗiga wa sarkin guba a kunne yana barci a lambu, ya hau karaga, ya auri matarsa. Daga nan ki raba jinkirin Hamlet, domin ba iri ɗaya ba ne.

Na farko ya ɗauki kimanin wata biyu. Shaidarki tana cikin wasan: a kashi na 1 Hamlet ya ce mahaifinsa bai cika wata biyu da rasuwa ba, a kashi na 3 kuma Ophelia, budurwar da yake so, ta ce wata huɗu ke nan. Wannan jinkirin yana da hujja. A ƙarshen kashi na 2 ya faɗa da bakinsa cewa mai yiwuwa shaiɗan ne ya zo masa a kamannin mahaifinsa, shi ya sa ya sa 'yan wasa su kwaikwayi kisan a gaban Claudius don ya karanci fuskarsa. Mai neman tabbaci kafin ya zubar da jini bai cancanci zargi ba.

Na biyu shi ne zuciyar al'amarin, a kashi na 3, fitowa ta 3. Hujja ta samu, Claudius yana durƙushe shi kaɗai yana addu'a, Hamlet ya zare takobi, sai ya mayar. Dalilinsa shi ne idan ya kashe shi yana cikin tuba, rahama zai samu. Gara ya jira ya same shi cikin maye ko wani saɓo. Abin tausayin, da Hamlet ya fita sai mu ji Claudius yana cewa addu'ar tasa ba ta tashi ko'ina ba. Ki lura da kyau: a nan Hamlet ya riga ya yanke shawarar kisa. Abin da ya tsayar da shi son ya wuce ramuwa ne, ya yi wa mutum hukuncin lahira, abin da ba a hannunsa yake ba.

A fitowar da ke biye, ya ji murya a bayan labule a ɗakin mahaifiyarsa, ya soka takobi ba tare da ya duba ba, sai ga gawar Polonius, mashawarcin sarki kuma mahaifin Ophelia. Daga wannan sukar komai ya kwance: aka gaggauta tura Hamlet Ingila, Ophelia ta zautu ta nutse a ruwa, ɗan'uwanta Laertes ya dawo neman jinin mahaifinsa. Mutum takwas suka mutu a wasan, kuma dukansu bayan fitowar addu'ar ne.

To, ga yadda za ki tsara amsarki. Ki kawo ra'ayin da aka saba, ki faɗi inda ya samo ƙarfi: marubucin Ingila Coleridge a farkon ƙarni na 19 ya ɗora laifin kan yawan tunani, manazarci A. C. Bradley a 1904 ya ɗora shi kan baƙin ciki mai tsanani, fim ɗin Laurence Olivier na 1948 kuma ya buɗe da cewa labarin mutum ne da ya kasa tsayar da magana. Hamlet kansa yana zargin kansa da jan ƙafa a zancen zucinsa. Sannan ki kawo fitowa ta 3 da ta 4 na kashi na 3 gefe da gefe. A ganinmu, matsalarsa ita ce yana jinkiri inda dama ta samu, yana gaggawa inda ya kamata ya duba. Hattara da abu ɗaya: zancen zucin kashi na 4, fitowa ta 4, yana cikin bugun 1604 amma babu shi a na 1623, don haka ki duba wanda ke hannunki kafin ki kafa hujja da shi.

Tambaya: Ina rubuta wasan kwaikwayo da tauraronsa mai waswasi ne. Waɗanda suka karanta sun ce yana gundura. Ina gyaran yake?

Amsa: Malam, yawanci ciwon ɗaya ne: tauraron ya tsaya, duniyar wasan ma ta tsaya tare da shi. Yayin da Hamlet ke saƙa da warwara, Claudius bai zauna ba. Ya sa abokan Hamlet biyu su bugi cikinsa, ya yi masa laɓe, ya rubuta takardar a kashe shi. Ka ba abokin gabar tauraronka aiki a kowane kashi.

Sannan ka auna zaɓin biyu. Idan mai kallo ya san amsar tun farko, zai ɗauki tauraron a matsoraci. A wasan marubucin Girka Aeschylus na shekara ta 458 kafin haihuwar Annabi Isa, Orestes ya tsaya da takobi a gaban mahaifiyarsa da ta kashe mahaifinsa: in ya bar ta ya saɓa umarnin abin bautarsu Apollo ya bar jinin mahaifinsa, in ya kashe ta ya kashe wadda ta shayar da shi. Tambaya ɗaya ya yi wa abokinsa Pylades, aka ba shi amsa cikin layi uku. Gajeren kokwanto ne, amma nauyinsa ya isa.

Kowane jinkiri ya jawo asarar da ba ta dawowa, kuma na biyu ya fi na farko tsada. Kada ka maimaita dalili ɗaya sau biyu. Ka ajiye wani kusa da shi mai irin damuwarsa wanda ba ya jira, kamar Laertes. Zancen zuci kuma ya ƙare da wani mataki, ko da karkatacce ne.

Tambaya: Macbeth, tauraron wani wasan Shakespeare, shi ma ya yi kokwanto kafin ya kashe Duncan. Shi ma aibinsa ke nan?

Amsa: A'a. A kashi na 1, fitowa ta 7, ya lissafa dalilan fasawa: Duncan sarkinsa ne, ɗan'uwansa ne, baƙonsa ne, kuma adali. Har ya gaya wa matarsa an bar maganar. Kokwanton nan shi ne ragowar alherinsa, kuma ya halaka ne saboda ya bari gorin da ta yi masa na rashin mazantaka ya rinjaye shi.