Amsa Kan Baƙin Fentin Feshi Na Kayan Jirgi

Ɗan'uwa, ka ce ka fesa baƙin fentin gwangwani a allon mitoci da fedojin jirgin saman da kake haɗawa, ko wata bai rufa ba ya fara ɓarewa, kana neman mai ƙarko. Wallahi na san zafin nan. Ka gama huda allo, ka ɗaura mitoci, ka ja wayoyi, sai wajen ɗaure sukuru na ƙarshe fenti ya murɗe ya tashi kamar saɓar maciji, farin alminiyum yana leƙowa. Kuma ba gyara sai an kwance komai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu sayarwa da ke cewa "yana kama kowane ƙarfe", alhali ba su taɓa ɗiga masa man jirgi sun gani ba.

Yawanci matsalar tana ƙarƙashin fentin. Alminiyum, ko nau'in 2024-T3 ko nau'in 6061, da ya sha iska yake yin wata siririyar fata wadda fenti ba ya riƙewa. Ka wanke maiƙo da asiton, ka goge da jan soson Scotch-Brite, ka sa Alumiprep 33, wato ruwan asid na wanke alminiyum, ka ɗauraye. Sai ka dubi ruwan: in ya kwanta a shimfiɗe, ya yi, in ya dunƙule ɗigo-ɗigo, da sauran maiƙo, sake wankewa. Daga nan ka sa Alodine 1201, ruwan maganin da ke sa fenti ya kama alminiyum, minti 2 zuwa 5, har ya yi ruwan zinariya. Sa safar hannu, gubarsa ba ta wasa ba ce. Don Allah kada soson ƙarfe ya taɓa alminiyum, burbushinsa yana nutsewa ya ci wurin daga baya.

Shimfiɗar farko ta zama firamar ifoksi, wato fentin ƙasa mai ƙarfin riƙo, siririya. A sama kuma ka nemi gwangwani mai 2K, wato fenti mai haɗi biyu, irin na kamfanin SprayMax, wanda ake danna maɓalli a gindinsa maganin taurarawa ya gauraye. Shi ne ke jure man jirgi 100LL da man burki. In ka danna, kwanakinsa kaɗan ne kafin ya daskare a ciki, don haka tara kayan duka ka fesa rana ɗaya. Yana cutar da huhu sosai. Takunkumin ƙura ba ya tare shi, sai na masu fenti mai matata, kuma a inda iska ke ratsawa.

Girgiza minti 2 cur, tazarar santimita 20 zuwa 25, shafi 2 ko 3 marasa kauri. In fentin enamel na yau da kullum ka riƙe, karanta jikin gwangwanin: da yawansu sai dai ka maimaita cikin awa 1 ko bayan awa 48. Ka fesa a tsakani, ya yamutse a gaban idonka.

Saman allo da ke ƙarƙashin gilashi, baƙi marar sheƙi, don kada ya haska maka ido. Fuskar allon kuwa mai ɗan sheƙi, domin marar sheƙin yana riƙe shatin yatsa. Rufe gilashin da kyau, in na roba ne tina yana sa shi tsattsagewa.

Ina roƙonka, kada ka baƙanta firam ɗin ƙarfe nau'in 4130 da ke riƙe inji. Baƙi yana ɓoye tsagewa a bakin walda. Fari ko ruwan toka ake sawa don a gani da wuri. Haka jikin faibagilas na waje: baƙi yana zuƙar rana har ifoksi ya yi laushi, shi ya sa ake fenta ƙaramin jirgin nan na faibagilas, Long-EZ, fari. Fentin gari da ake gasawa kuma yana kai wajen digiri 200 na Salshiyos, yana iya rage ƙarfin alminiyum 2024.

Kafin ka taɓa allon, gwada a guntun da ya rage. Bar shi kwana 7, ka yi masa tsaga-tsaga da reza, ka manna salatif ka fizge, sannan ka goga tsumma mai man jirgi. Fedoji kuwa, fenti ba ya daɗewa a ƙarƙashin takalmi. In na alminiyum ne, kai su a yi musu baƙin anodayizin, wato rinin da ake yi wa jikin alminiyum da lantarki.