Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Hotunana Suke Fitowa a Cunkushe?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Damagaram, ina zaune a unguwar Zango, kuma da wayar salula na fara koyon ɗaukar hoto domin ba ni da halin sayen babbar kyamara. Idan na shiga Birni ko Kasuwar Dole nakan ga abin da ya burge ni, amma in na duba hoton a gida sai in tarar da shi a cunkushe, ba a ma gane abin da nake son nunawa. Shin laifin wayar ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Wayarka ba ta da laifi, kuma ko an ba ka kyamara mai tsada yau, irin hotunan nan za ka ci gaba da kawowa gida muddin ba ka sauya yadda kake kallo ba. Idan ka tsaya a gaban baduku a kasuwa, hankalinka yana kan hannuwansa da fatar da yake ɗinkawa, don haka ba ka lura da ɗan kabu-kabun da ke wucewa, ko ledar da ke yashe a ƙasa, ko falwayar lantarkin da ke bayansa. Ita kuwa kyamara ba ta zaɓe, duk abin da ke gabanta sai ta kwashe. Aikinka shi ne ka yi mata zaɓen. Kafin ka latsa, ka tsayar da abu guda da hoton yake magana a kansa, sannan ka bi gefunan fuskar wayar guda huɗu da ido, ka duba abin da ya kutso ba da gayyata ba, ka kuma duba bayan mutumin, kada falwaya ta fito kamar daga kansa ta tsiro.

Mafi yawan wannan gyara da ƙafa ake yin sa. Gilashin babbar kyamarar waya mai faɗin gani ne, yawanci daidai da milimita 24 zuwa 28 a ma'aunin kyamarar fim, shi ya sa yake tattaro tarkace da yawa. Kada ka saba da jawo hoto da yatsu biyu, domin a wayar da ke da gilashi ɗaya yanke hoton kawai ake yi a kumbura shi, sai ya dusashe. Ka matsa kusa har abin da kake so ya cika fuskar wayar, sai dai idan fuskar mutum ce ka bar tazarar kamar mita ɗaya da rabi, in ba haka ba hanci zai fito da girma fiye da yadda yake. Ka koyi tsugunawa kuma. Da zarar ka yi ƙasa, sararin sama ko saman katanga ne zai koma bayan mutumin a maimakon cincirindon jama'a, yaro kuma ba a ɗaukarsa da kyau sai an sauko daidai idonsa.

A nan ne nake ganin ɗan Damagaram ya yi sa'a. Katangun ƙasa na Birni bango ne, wato abin da ke bayan mutum a hoto, wanda ba ka biya ko dala ba, lungunan unguwar suna jan ido zuwa ga duk wanda ke tahowa, ƙofar zaure kuma tana kewaye mutum ta ware shi daga sauran abubuwa. Seydou Keïta, shahararren mai hoton nan na Bamako, da ƙaramar kyamarar Kodak Brownie ya fara, kuma da ya buɗe wurin aikinsa a 1948, a tsakar gida yake ɗaukar mutane da hasken rana, yana rataya zane a bayansu. Ka duba hotunansa a intanet, za ka ga yadda kula da bango yake ɗaga darajar mutum. Idan kuwa manyan duwatsun da ke kewayen Birni za ka ɗauka, ka jira wani ya gifta ta gindinsu, domin sai da mutum a ciki mai kallo zai san girmansu.

Akwai kuma ƙa'idar kashi uku. Ka shiga saitin kyamara ka kunna layukan da ke raba fuskar waya gida tara, biyu a tsaye biyu a kwance, ka ɗora idon mutum kusa da inda layuka biyu suka haɗu, ka bar fili a ɓangaren da yake fuskanta. Layukan za su kuma taimake ka gini ya daina fitowa a karkace. Amma ban yarda a mayar da wannan ƙa'ida farilla ba, domin ginin da damansa da hagunsa suka yi daidai, a tsakiya ya fi kyau.

Game da haske, ka guji tsakar rana, lokacin da inuwa ke cika gurbin idanu. Da hantsi ko bayan La'asar haske yana zuwa daga gefe, ya fito da zanen da magina suka yi a fuskokin gidaje. Hazon hunturu ma abokin aiki ne, tunda yana dusashe abin da ke nesa ya bar na kusa a fili, sai dai ka riƙa goge gilashin da ƙyalle mai laushi.

Ranar hawan salla kada ka bi dawaki da gudu. Ka je filin fadar Sarki da wuri, ka zaɓi wurin da bangonsa ya yi maka, ka tsara hoton tun babu kowa a ciki, sannan ka jira mahayi ko dogari ya shigo inda ka tanadar masa. A ranakun da babu biki kuwa, ka gaisa da mutum ka nemi izininsa kafin ka ɗaga waya, musamman mata da dattawa, kuma ka nuna masa hoton bayan ka ɗauka. Kafin sallar ta zo, ka zaɓi ƙofa ɗaya a unguwarku ka ɗauke ta sau goma, a tsaye da a tsugune, daga nesa da kusa, da safe da yamma, sannan ka jera hotunan ka faɗa wa kanka dalilin da ya sa ɗaya ya fi sauran.