Amsa ga Mai Tambaya a Kan Rabuwa da Karen Riƙo

'Yar'uwa, sau biyu na karanta tambayarki. Kin ce mako 7 ke nan kina riƙon wata karya da aka tsinto a gefen titi, yanzu ƙungiyar da ta ceto ta ta samo mata gida, ranar Asabar za su zo ɗaukarta, kuma tun da aka faɗa miki barci ya ƙaurace miki. Kina tambaya ko ki ce kin fasa ki riƙe ta gaba ɗaya, da kuma ko za ta ɗauka yasar da ita kika yi. Na shekara 9 ina wannan riƙo, karnukan da suka shiga gidana suka fita sun haura 20, don haka bari in faɗa miki abin da na gani.

Na farkona wani baƙin kare ne da na sa wa suna Duna. Ranar da aka kawo shi, haƙarƙarinsa ana iya ƙirgawa daga nesa, kunnuwansa cike da kaska, ƙazuwa ta cinye gashin bayansa. Zuciyata ta ce in cika masa kwano ya ci har ya ture. Likitan dabbobi ya hana ni. Ya ce dabbar da yunwa ta daɗe tana ci, in aka ɗura mata abinci da yawa lokaci guda, gishirin jininta yana iya rikicewa har zuciya ta tsaya. Sai na koma ba shi kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini, ina ƙarawa a hankali. Mako biyu yana ɗaki shi kaɗai, saboda cutar da ke ɓoye a jiki tana iya ɗaukar kwanaki kafin ta bayyana, musamman parvo, cutar karnuka mai sa amai da zawo, wadda ƙwayarta ke zama a ƙasa wata da watanni. Aka yi masa maganin tsutsar ciki, aka yi masa allurai har da ta haukan kare, daga baya aka fiɗiye shi.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya biyo baya. Duna ba ya yarda a taɓa shi. In na ɗaga hannu don in gyara ɗankwalina sai ya lafe ƙasa yana makyarkyata. Na ɗauki kwanaki ina zama a ƙofar ɗakin, na juya masa gefe, ba na kallon idonsa, ina karatu a bayyane don ya saba da muryata. A rana ta 19 ya taso da kansa ya ɗora haɓarsa a ƙafata. Ban motsa ba har ƙafar ta yi sanyi. To wanda ya ga irin wannan rana, ta yaya za a ce masa ya miƙa igiya ga baƙo ba tare da hawaye ba? Ranar da aka tafi da shi na yi kuka sosai, na kwana biyu ban ɗauke kwanonsa daga inda yake ba. Sabo ake yi wa kuka. Har yau, bayan duk waɗannan shekaru, ban taɓa miƙa kare idona a bushe ba, kuma ba zan yi miki alkawarin cewa ciwon zai daina ba. Abin da ya canza shi ne yanzu na san zai zo, na san zai lafa cikin 'yan kwanaki.

Batun ko za ta ga kin yasar da ita, shi ya fi damuna a farko. Za ta rikice, wannan gaskiya ne. Wataƙila ta ƙi cin abinci a daren farko, ta riƙa zarya bakin ƙofa, ko ta yi fitsari a ɗaki alhali ta daɗe da dainawa. Masu wannan aiki suna da wani ƙiyasi da suke yawan faɗa: kwana 3 kare ya huce daga firgici, mako 3 ya gane tsarin gidan, wata 3 ya ji nan ne gidansa. Ba lissafi ba ne daidai-wa-daida, wani ya fi haka sauri, wani ya fi daɗewa, amma a idona bai yi nisa da gaskiya ba. Abin da na lura da shi kuwa, karen da ya koyi amincewa da mutum ɗaya, na biyu ba ya yi masa wuya kamar na farko. Duna ya kwana 19 kafin ya taɓa ni. A sabon gidansa kwana huɗu ya yi ya fara bin ɗansu duk inda ya nufa. Da na je dubiya bayan wata biyu, ya taho a guje ya yi ta murna, sannan ya juya ya koma ya kwanta kusa da matar gidan. Raina ya ɗan sosu a lokacin, amma a hanyar komawa na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina.

Akwai wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2019 da nake yawan tunawa. An fitar da karnukan matsuguni, wato wurin da ake tara karnukan da ba su da gida, su kwana ɗaya ko biyu a gidajen mutane, ana auna sinadarin kotisol a fitsarinsu, wanda ke tashi idan dabba tana cikin damuwa. A gidajen sai ya sauka, karnukan suka samu hutu mai tsawo. Da aka mayar da su ya koma inda yake a da, bai zarce ba. Kwana biyu kacal ke nan. Ki auna mako 7 ɗin da kika ba ta.

Ko ki riƙe ta? Ba laifi ba ne, ni ma na taɓa yi. Amma ki tambayi kanki, don ita ne ko don gudun ranar Asabar? Wadda na riƙe tsohuwar karya ce, ido ɗaya ya mutu, tana shan magani safe da yamma, sau biyu ana ɗaukarta ana dawo da ita. Na ga sauya gida na uku zai karya ta, sai na ce ta zauna. Ban yi nadama ba ko sau ɗaya, sai dai ki san abin da ya ci mini: ba ta jure wasu karnuka, don haka shekara biyu da ta yi a raye a wurina ban karɓi riƙo ko ɗaya ba. Sau nawa aka kira ni cikin dare ana cewa ga 'yan kwikwiyo babu uwa, na ce ba ni da wuri. Taki kuwa matashiya ce, lafiyarta ƙalau, ga masu so sun fito. In kin ga iyalin hankalinki ya kwanta da su, ni shawarata ki bar ta ta tafi.

Abin da ya fi rage mini zafin rabuwa shi ne in sa hannu sosai a miƙawar. Ki nemi a bar ki ki zauna da su tun kafin Asabar. Ki duba yadda yaransu ke tunkarar ta, ki tambayi awa nawa za ta riƙa zama ita kaɗai, ko masu gidan da suke haya sun yarda, ko katangarsu tana da kafa. Sannan ki faɗa musu gaskiya duka, har wadda ba ta da daɗi. Na taɓa yin shiru a kan wani kare mai gurnani idan aka matso kwanonsa, don ina tsoron kada su fasa. Kwana 10 suka dawo da shi bayan ya kai wa yarinyarsu cafka. Bai ji mata ciwo ba, amma laifin nawa ne, kuma shi ya ɗauki wahalar. Tun daga nan nake rubuta komai a takarda: lokacin cin abincinsa, abin da yake tsoro, kalmomin da ya sani, yadda yake nuna yana son fita.

Ki haɗa musu da katin allurarta, bargon da take kwana a kai ba tare da kin wanke ba, da abincin da ta saba da shi na mako guda, su riƙa cuɗawa da nasu a hankali don kada ta yi zawo. In an sa mata ɗan guntun na'urar shaida a ƙarƙashin fata, ki tabbatar an mayar da rajistar zuwa sunansu da lambarsu. Ki ja musu kunne a kan ƙofa, domin kwanakin farko ne kare ya fi guduwa. Kada su sake ta babu igiya, ko da tana nuna ta saba. Kuma su yi alkawari cewa in abin bai yiwu ba, ko bayan shekara nawa ne, wurin ƙungiya za su mayar da ita, ba su ba wani ba.

Ranar kanta, ki fita da ita yawo da safe ta gaji. Ki yi sallamarki tun kafin su iso, ke da ita, iya son ranki. In sun zo kada ki ja abin ya yi tsawo, domin kare yana karanta fuska da murya, in ya ga kin rikice shi ma sai ya rikice. Ki sa ta a mota da hannunki, da muryar da kika saba yi mata magana. Ki roƙe su hoto bayan kwana uku, amma ki dakata da zuwa dubiya sai ta yi wata guda ko fiye.

In kin shiga gida za ki ji shirun ya yi yawa. Ki kira wani wanda ya san abin, kada ki zauna ke kaɗai. Ni nakan wanke ɗakin washegari, in huta mako biyu ko uku kafin in sake cewa a kawo wani. In kina so, ki yi mini magana ranar Asabar da yamma, zan kasance kusa da waya.